SHINGE, KWAƊO DA BARKONON TSOHUWA: WAIWAYE KAN RANAR 9 GA MAYU A FILIN WASA NA AKARA

Yau tarihi zan ɗan taɓo muku, tarihin wani dare da har gobe in na tuna shi sai tsigar jikina ta tashi, duk da cewa ban je wurin ba, a akwatin rediyo na ji shi kamar yadda mafi yawanku kuka ji.

A unguwarmu akwai wani dattijo mai ɗinki wanda ya yi zaman Kumasi shekaru masu yawa, yana cikin waɗanda suka dawo gida lokacin da gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Gana a 1969. Ya dawo da keken ɗinkinsa, da Hausarsa mai ɗanɗanon zango, da kuma son kulob ɗin Asante Kotoko wanda bai rabu da shi ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Mu samari mukan taru a bakin shagonsa mu sha labarin Baba Yara da Ibrahim Sunday. Da safiyar Alhamis 10 ga Mayu 2001 na biyo ta wurin, sai na tarar da keken a rufe, rediyo a kunne, shi kuwa ya yi tagumi. Na ce, "Baba lafiya?" Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Yaro, an kashe mana yara a Ankara." Haka tsofaffin fatake ke kiran birnin Akara. Na ce faɗa aka yi da 'yan Hearts? Ya girgiza kai ya ce, "Ina ma faɗa ne."

Wannan magana tasa ita ce ta sa na riƙa bibiyar al'amarin tsawon shekaru, kuma ita ce ginshiƙin abin da zan faɗa a nan. An ƙirƙiro shinge da 'yan sanda a filin ƙwallo don kada magoya bayan kulob biyu su kashe juna. To amma idan aka bi tarihi sannu a hankali, sai a ga sau da yawa shingen ne da kwaɗon ƙofa da hayaƙin 'yan sanda suka ci rayukan da abokin hamayya bai ci ba.

INDA SHINGE YA SAMO ASALI

A farkon zamanin ƙwallo a Ingila babu wani tsari na raba 'yan kallo, kowa ya biya kuɗinsa ya shiga ya tsaya inda ya samu. Ana ɗan taɓa rikici jefi-jefi, amma bai zama al'ada ba. Daga shekarun 1960 ne abin ya canja, lokacin da samari suka fara bin kulob ɗinsu gari-gari a jirgin ƙasa, su mamaye bayan raga ɗaya su ce nan gidansu ne, wanda ya isa ya zo ya ƙwata. Sai aka wayi gari ƙwace bayan ragar abokan hamayya ya zama wasa na biyu bayan wasan da ake bugawa a fili. Daga nan 'yan sanda suka fara tarbar baƙi tun daga tashar jirgi, su rako su kamar garken shanu, su zuba su a kusurwa guda, su yi layi a tsakani.

A ranar 27 ga Afrilu 1974, a wasan hamayyar birnin Manchesta, Denis Law na Manchester City ya jefa wa tsohon kulob ɗinsa United ƙwallo da dunduniya a Old Trafford. Magoya bayan United suka ɓarko cikin fili, alƙalin wasa ya tashi wasan saura 'yan mintoci, United kuma ta faɗa rukuni na biyu a shekarar. Irin waɗannan abubuwa ne suka sa aka fara kafa dogayen shingayen ƙarfe tsakanin 'yan kallo da fili, aka kuma yanka wurin tsayuwa gida-gida kamar akurkin kaji.

Kada mai karatu ya ɗauka raba mutanen ba shi da dalili. A ranar 29 ga Mayu 1985, a filin Heysel da ke Beljiyam, wata 'yar waya ce marar ƙwari ta raba magoya bayan Liverpool da na Juventus. 'Yan Liverpool suka keta ta suka yo kan mutane, masu gudu suka matsu a jikin wani tsohon bango, bangon ya rufta, mutum 39 suka mutu. A ranar da an yi shinge na kirki da an tsira. To amma shekara huɗu bayan haka, ranar 15 ga Afrilu 1989, a filin Hillsborough na garin Shafil, shinge mai ƙwarin ne ya yi kisa. 'Yan sanda suka buɗe wata babbar ƙofa ta waje don rage cunkoso, jama'a suka kwarara cikin akurkai biyu da tuni sun cika, na gaba suka manne da ƙarfe babu hanyar fita. Rayuka 97 ne suka salwanta sanadin wannan rana, kuma babu ko ɗaya da abokin hamayya ya taɓa. Da farko hukuma ta ɗora wa magoya baya laifi, sai a 2016 wani zaman bincike na kotu ya wanke su ya ce kisa ne da ya saɓa wa doka. Rahoton mai shari'a Taylor na 1990 shi ya sa aka fara cire shingayen nan a manyan filayen Ingila, aka sa kujeru, kowa da lambarsa.

Abin takaicin shi ne, lokacin da Turawa ke tumɓuke nasu shingayen, mu a Afirka namu suna nan daram, ga ƙofofi ƙanana, ga kuma 'yan sandan da horonsu na kwantar da tarzomar titi ne ba na kula da taron 'yan kallo ba.

ITACE DA BEGUWA

Wanda bai san Gana ba ba zai gane nauyin wasan Hearts da Kotoko ba. An kafa Accra Hearts of Oak a 1911, yana daga cikin tsofaffin kulob-kulob na nahiyar nan, tambarinsa itace, launinsa ja da rawaya da shuɗi, magoya baya na yi masa kirari da Phobia. Asante Kotoko kuwa a Kumasi aka kafa shi a 1935, tambarinsa beguwa, launinsa ja, kuma Sarkin Asante shi ne uban kulob ɗin. Ɗaya na babban birni a bakin teku, ɗaya na tsohuwar masarauta a cikin kurmi. Saboda haka duk ranar da suka haɗu, ba ƙwallo kaɗai ake bugawa ba, har da tinƙaho na gari da na asali.

Sai dai akwai wani abu da ya sa wannan hamayya ta shafe mu kai tsaye. Tun zamanin fataucin goro zuwa Gwanja, Hausawa da sauran Musulmin arewa suka kafa zanguna a Kumasi da Akara, kuma Hausa ce harshen da ya haɗa mazauna zangunan har yau. Waɗannan unguwanni sun ba ƙwallon Gana manyan 'yan wasa. Ibrahim Sunday na Kotoko ya zama gwarzon ɗan wasan Afirka a 1971, Karim Abdul Razak ya zama a 1978, Hearts kuma ta yi alfahari da Mohammed Polo. Filin wasa na Kumasi ma sunan Baba Yara yake ɗauke da shi. A unguwanni irin su Nima da Mamobi a Akara, gida ɗaya sai ka tarar wa ɗan Hearts ne ƙane ɗan Kotoko, su ci tuwo kwano ɗaya, su yi sahu ɗaya a masallaci, su hau mota ɗaya zuwa filin wasa, sai a bakin ƙofa kowa ya nufi ɓangarensa. Wato rabuwar ta minti casa'in ce kawai.

A lokacin da muke magana Hearts ce ke tashe. Kotoko ta ci kofin zakarun Afirka a 1970 da 1983, amma a 2000 Hearts, ƙarƙashin mai horarwa Cecil Jones Attuquayefio, ta ɗauki nata na farko bayan ta doke Esperance ta Tunisiya gida da waje. A wasan ƙarshen nan na Akara, cikin Disamba 2000, an yi wata ishara wadda da an lura da ita da wataƙila an kauce wa abin da ya biyo baya. 'Yan kallo suka fusata da alƙalanci suka fara jifa, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa, har gwangwani ɗaya ya faɗa rumfar manyan baƙi, wasa ya tsaya na tsawon lokaci. Hukumar ƙwallon Afirka ta hukunta filin, shi ya sa wasan da Hearts ta buga da Zamalek a Fabrairu 2001 sai a Kumasi aka yi shi. An hukunta fili, amma ba a sauya wa masu riƙe da bindigar hayaƙin tunani ba.

Isharar ba ɗaya ba ce. A Yuli 2000, a Harare, mutum 13 sun mutu a turmutsutsu bayan 'yan sanda sun harba hayaƙi a wasan Zimbabuwe da Afirka ta Kudu. Ranar 11 ga Afrilu 2001 kuma, a filin Ellis Park na Johannasbag, mutum 43 suka mutu a cunkoson wasan hamayyar Kaizer Chiefs da Orlando Pirates. Tsakanin wannan rana da ta Akara kwana 28 ne cif. Hausawa na cewa in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ba a shafa ba.

DAREN LARABA

Ranar Laraba 9 ga Mayu 2001 filin wasa na Akara ya cika maƙil. Hukuma ta san wasan mai zafi ne, don haka aka ƙaro 'yan sanda, kowane ɓangare na magoya baya kuma yana gefen da ya saba zama. In don a hana 'yan Hearts da 'yan Kotoko cakuɗuwa ne, to shirin ya yi aiki, domin ba su cakuɗu ba.

Kotoko ce ta fara jefa ƙwallo ta ƙafar Lawrence Adjei, ɓangaren jajaye ya kaure da sowa. Can wasa ya yi nisa sai Ishmael Addo ya farke wa Hearts, ba a jima ba ya ƙara ta biyu. 'Yan Kotoko suka ce ƙwallon nan ta satar gida ce, alƙalin wasa ya ce ta ci. Aka tashi Hearts na da 2 Kotoko na da 1. Wasu fusatattu daga cikin 'yan Kotoko suka fara ɓalle kujerun roba suna wurgawa cikin hanyar tsere da ta kewaye filin, haɗe da robobin ruwa. Wannan laifi ne, babu mai musu, ɓarnar dukiyar jama'a ce kuma ta cancanci kamu da tara. Amma kujera ake jifa da ita a fili, ba wuƙa aka zare wa wani ba.

Sai 'yan sanda suka juya bakin bindigoginsu zuwa rumfar 'yan kallo suka shiga harba barkonon tsohuwa.

Duk wanda ya taɓa shaƙar hayaƙin nan ya san ba a yin shawara da shi. Ido ya rufe, maƙogwaro ya ɗauki wuta, ƙirji ya toshe, abin da kawai jiki ke nema shi ne gudu. An ƙera shi ne don a tarwatsa taro a sarari, inda mutum zai iya bazama gabas ko yamma. To a rumfar filin wasa ina za a bazama? Gaba shinge ne da 'yan sanda, baya bango, hagu da dama mutane. Hanya ɗaya ta rage, matakalar da ke gangarawa zuwa ƙofar fita. Dubban mutane suka nufe ta lokaci guda, idanunsu a rufe, suka gangara, suka tarar da wasu ƙofofin a garƙame.

Abin da ke faruwa a irin wannan wuri mutane da yawa ba su fahimce shi ba. Mukan ce an tattake su, amma yawancin masu mutuwa a turmutsutsu matsewa ce ke kashe su. Na baya bai san ƙofa a rufe take ba, shi dai hayaƙi na korarsa, yana turawa. Na gaba ya manne da ƙarfe, kowane numfashi ya fitar ba zai iya maido da shi ba domin ƙirjinsa ba shi da wurin buɗewa. Cikin 'yan mintoci sai rai ya yi halinsa, wani ma yana tsaye. In ɗaya ya faɗi a matakala, na bayansa su rufta a kansa, na bayansu su rufta a kansu. Binciken likitoci ya nuna mafi yawan mamatan Akara wannan matsewar ce ajalinsu.

Da hayaƙi ya lafa, 'yan kallo ne da kansu suka shiga janye mutane, mai rai da marar rai. A nan aka ga abin da dattijon nan mai ɗinki yake nufi. Mai rigar Hearts ya saɓo mai rigar Kotoko a kafaɗa, ana tare tasi da motocin gida ana zuba mutane zuwa asibitin sojoji na 37 da sauran asibitocin birnin. Waɗanda aka kawo 'yan sanda don a raba su, su ne suka kwana suna ɗaukar gawar juna. Adadin da aka fi ambata shi ne mutum 126, wasu na cewa 127, ban da ɗaruruwan da suka ji rauni. Kafin wannan rana ba a taɓa asarar rayuka irin wannan a filin ƙwallo a Afirka ba.

MAKOKI A ZANGO

Gari na wayewa iyaye suka cika ƙofar ɗakin ajiye gawa, kowa na duba fuskoki yana addu'ar kada ya ga nasa. Da yawa daga cikin mamatan samari ne Musulmi 'yan zango, Nima na cikin unguwannin da abin ya fi yi wa ɓarna. Ga al'adarmu ta gaggauta binne mamaci, ga hukuma na son yin bincike, ga zuciya ta ƙuna. A kwanakin da suka biyo baya, bayan an kai wasu makwancinsu, samarin Nima suka yi zanga-zanga suka nufi ofishin 'yan sandan unguwar, sai da aka yi da gaske kafin ƙura ta kwanta.

Shugaba John Kufuor, wanda bai fi wata huɗu da hawa mulki ba, kuma shi kansa ya taɓa shugabantar Kotoko, ya ayyana zaman makoki na kwana uku, ya kafa kwamitin bincike ƙarƙashin lauya Sam Okudzeto. Kwamitin ya ɗora babban alhakin a kan 'yan sanda, ya ce sun wuce gona da iri wajen harba hayaƙi ba kan gado, ya kuma nuna gazawar filin kansa da ta masu kula da shi. Aka gurfanar da manyan 'yan sanda shida bisa tuhumar kisa ba da niyya ba. A 2003 kotu ta sallame su, ta ce masu gabatar da ƙara ba su kawo hujjar da za ta kama su ba. Ke nan mutum fiye da 120 sun mutu, kwamiti ya nuna inda laifi yake, amma babu wanda ya kwana gidan yari a kai. An kafa asusun tallafa wa iyalan mamatan, an gyara filin gabanin gasar kofin Afirka ta 2008, an kuma kafa mutum-mutumin tagulla a harabarsa, na wani mutum ɗauke da ɗan'uwansa. Herbert Mensah, shugaban Kotoko na lokacin, wanda yana cikin masu ɗaukar mutane a daren, ya riƙe al'adar tunawa da ranar shekara da shekaru.

Abin mamaki, ba a cika shekara huɗu ba sai ga kulob ɗin biyu a wasan ƙarshe na sabon kofin ƙalubale na Afirka, a Janairu 2005. Aka yi kunnen doki 1 da 1 a Akara, aka sake 1 da 1 a Kumasi, Hearts ta ɗauke kofin a bugun fenariti a gaban jama'ar Kotoko. Babu zafin da ya kai wannan ga ɗan Kumasi, amma ba a maimaita 9 ga Mayu ba. Wannan ya nuna zafin hamayya kaɗai ba ya kisa, sai an haɗa masa da sakaci.

DA AN HANA BAƘI ZUWA FA?

Wani zai ce to a huta mana, a hana magoya bayan baƙi zuwa gaba ɗaya. Ƙasashe da dama sun gwada. Ajantina ta hana baƙi shiga wasannin lig ɗinta a 2013, aka shafe shekaru a haka. A Gilasgo ta Sikotland, inda Celtic da Rangers ke hamayyar da ta haɗa addini da siyasa, an daɗe ana ba baƙi kujeru wajen dubu bakwai, a 2018 aka zaftare su zuwa ƙasa da dubu ɗaya, har aka zo ana buga wasu wasannin babu baƙo ko ɗaya. Amma ko a can, babbar asarar da wannan wasa ya taɓa jawowa ba ta faɗa ba ce. Ranar 2 ga Janairu 1971 mutum 66 suka mutu a wata matakalar fita ta filin Ibrox, dukkansu ɓangare ɗaya.

Hujja mafi ƙarfi ta zo daga Indunisiya. Ranar 1 ga Oktoba 2022, a filin Kanjuruhan na yankin Malang, Arema ta karɓi baƙuncin babbar abokiyar hamayyarta Persebaya. Saboda tsoron rikici an hana magoya bayan Persebaya zuwa kwata-kwata. Babu rabuwar da ta fi wannan, tunda abokin faɗan ma ba ya nan. Arema ta sha kashi 3 da 2, wasu suka shiga fili, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa cikin rumfuna, jama'a suka ruga ƙofofi suka tarar da su a ƙuntace. Mutum 135 suka mutu, har da yara ƙanana. Shekara 21 bayan Akara, labari ɗaya sak, sai ka ce kwafa aka yi. Alhali dokokin tsaron filin wasa na FIFA sun hana ɗaukar bindiga ko hayaƙin tarwatsa taro a bakin fili.

Don adalci kuma sai a faɗi ɗaya gefen. A Fot Sa'id ta Masar, ranar 1 ga Fabrairu 2012, bayan Al-Masry ta doke Al-Ahly 3 da 1, 'yan gida suka tsallako fili suka afka wa baƙi, jami'an tsaro suka tsaya suna kallo. Sama da mutum 70 suka mutu. A nan rashin tsayawar 'yan sanda ne ya yi ɓarna. To amma ko a nan ɗin, da baƙin suka juya za su gudu, ƙofar bayansu a rufe suka same ta. Ka ga dai kwaɗon nan bai bar mu ba.

ABIN DA YA RAGE MANA

Idan aka jera waɗannan ranaku, darasin bai da wuyar ganewa. Raba magoya baya wajibi ne a wasa mai zafi, kowa da ƙofarsa, kowa da hanyarsa, a tsayar da baƙi na ɗan lokaci bayan an tashi har 'yan gida su watse. Amma duk wanda ya tara mutane a cikin shinge ya ɗauki amanar fitarsu. Kada a sayar da tikiti fiye da kujeru. Kowace ƙofa ta kasance da mai tsaronta a tsaye da mabuɗi daga farko har ƙarshe, kuma a waje take buɗewa. Motar asibiti kada ta motsa sai fili ya zama wayam. Wanda ya ɓalle kujera a bi shi a kama shi shi kaɗai, yau ga kyamara ga waya a hannun kowa, ba sai an hukunta mutum dubu goma saboda laifin mutum ashirin ba. Barkonon tsohuwa kuwa a bar shi a bariki.

Mu ma nan gida ba mu tsira daga wannan zance ba. A Afrilu 2022, a wasan Kano Pillars da Katsina United a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, an farfasa motar baƙi, hukumar lig ta ƙwace wa Pillars maki ta kuma kore ta daga gida, a ƙarshen kakar kulob ɗin ya faɗa rukuni na ƙasa. Kano da Katsina fa, waɗanda auratayya da kasuwanci suka ɗinke tun kaka da kakanni. Allah ya tsare ba a kai ga irin ta Akara ba, amma kayan haɗin duk muna da su: ga samari masu zafin kai, ga ƙofar da ake rufewa don kada 'yan ɗaurin gindi su shigo kyauta, ga jami'in da hannunsa ke saurin kai wa ga gwangwani. Na sha shiga filin wasa in waiwaya in ga an ja ƙofa an sa sarƙa bayan an fara wasa, in tambayi kaina wa ke riƙe da mabuɗin, kuma yana ina.

Ga 'yan'uwana masu zuwa kallo, mu ma da namu. Jifan farko daga hannunmu yake fitowa, kuma wanda ya yi jifan sau da yawa shi ke tsira, yaron da ya zo kallo da kuɗin da ya tara na sati shi ke kwana a ƙasa. In ka shiga fili, kafin ka nemi inda za ka fi ganin raga, fara duba inda za ka fita.

Dattijon nan mai ɗinki bai daina son Kotoko ba har ya rasu, amma daga ranar ban ƙara jin ya zagi ɗan Hearts ba. Watarana na tsokane shi na ce, "Baba, ko an sauya sheƙa ne?" Ya yi murmushi ya ci gaba da taka kekensa ya ce, "Wanda ya ɗauki gawar ɗanka ai ya wuce zagi."

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba iyalansu haƙuri, ya kiyaye mana samarinmu a duk inda suka taru.